Jawabi Kan Haƙoran Aksil Na Motocin Shiga Dajin Goro

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawa, da sauran 'yan'uwa mazauna Sabon Shagamu, muna yi muku barka da zuwa. An nemi mu yi bayanin abin da ya sami motarmu ta haɗin gwiwa a kakar goron bara, domin mun ji wasu suna shirin yin irin gyaran da muka yi. Mu dai fatake ne, ba makanikai ba, amma kuɗinmu ne ya ƙone, saboda haka dole muka koyi karatun.

Kowa ya san hanyoyin ƙauyukan da muke sayen goro. Ruwa ba ya ɗaukewa da wuri a ƙasar nan, kaka tana shiga taɓo bai bushe ba. Don haka muka cire wa tsohuwar Hilux ɗinmu tayoyinta masu tsayin inci 28, muka sa masu inci 31. Mota ta ɗaga, ta yi kyan gani, har yara suna tsayawa kallo. To amma da aka loda mata huhunan goro, sai ta kasa hawan tudun da take hawa a da ba wahala. Direba ya yi ta wasa da kuloci har ya ƙone.

Ga dalilin, kamar yadda aka fahimtar da mu daga baya. A cikin tulun aksil akwai haƙora biyu: babba mai kama da faifai, makanikai suna ce masa kurawun, da ƙarami, finiyan, wanda farfela take juyawa. A ƙirga haƙoran babban, a raba da na ƙaramin. Namu 41 ne da 10, wato 4.10: farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya, taya ta juya sau ɗaya. Idan taya ta ƙara girma, kowane juyi yana cin ƙasa mai yawa, nauyi ya koma kan inji, kamar ka tashi mota da giya ta biyu. Lissafin ba shi da wuya, ɗan Islamiyya ma zai yi shi: 4.10 sau 31, a raba da 28, ya ba da kusan 4.54. Haƙoran da suka fi kusa da wannan su ne 41 da 9, wato 4.56.

Mu ba mu san wannan ba a lokacin. Ana nan sai aksil ɗin baya ya fara kuka, muka je Ikko muka sayo na tokumbo ɗungurungum. Mai shago ya rantse duk ɗaya ne. Aka ɗaura, sai mota ta dawo da ƙarfinta, muka yi ta godiya ga Allah. Ashe na bayan 4.56 ne, na gaba kuwa yana nan a 4.10.

Jama'a, nan ne wurin da muke so a saurara da kyau. Muddin tayoyin baya kaɗai ke ja, ba abin da zai nuna. Amma ranar da aka sa giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzileri, gaba da baya sun ɗaure wuri ɗaya ke nan. Tayoyin baya su juya sau 10, na gaba suna neman sau 11. A cikin taɓo taya tana sulɓewa, sai rigimar ta ɓuya. Da direbanmu ya fito kan busasshen tsakuwa bai cire ba, ko mil ɗaya bai yi ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Akwatin giyar taimako ya fashe. Kwana uku kaya suna daji, ganye ya bushe, goro ya yi yaushi, muka sayar da shi a wulaƙance. Sai dai mu ce Allah Ya mayar da alheri.

Abin haushi shi ne gwajin ba ya cin ko kwabo. A sa giya a firi, a tokare mota, a ɗaga taya ɗaya da jak, a yi wa farfela alama da alli, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela. Abin da aka samu shi ne lambar aksil ɗin. A yi wa baya, a yi wa gaba. In ba su zo daidai ba, kada a biya.

Wanda zai canza haƙora kuma, ya canza gaba da baya tare. Kurawun da finiyan ma'aurata ne, tare aka wasa su tun daga masana'anta, ba a haɗa na wannan da na wancan. A nemi makanikin da zai shafa fenti a haƙora ya duba inda suke haɗuwa, ba mai ɗaurewa da ido ba. Sababbin haƙora ba a loda musu kaya nan da nan, kuma a zubar da man giya na farko bayan kamar kilomita 800. Wanda kuwa aikinsa titin Ikko zuwa Badun ne, shawararmu ya bar motarsa yadda kamfani ya yi ta, don lamba mai girma a kan ƙaramar taya shan mai ne kawai da kukan inji.

Tamu motar yanzu 4.56 ce gaba da baya. Tana bakin masallaci, wanda yake son ganin gwajin jak ya same mu bayan La'asar. Wassalamu alaikum.