Idan Ɗan'uwanka Ya Faɗa Shan Miyagun Ƙwayoyi



Maganata ta yau da ku nake yinta, ku da kuka fito ciki ɗaya da mai shaye-shaye, watau wansa ko ƙanensa, yarsa ko ƙanwarsa. Galibi ku ne kukan fara ganewa. Ku kuke kwana ɗaki ɗaya da shi, ku kuke tsintar kwalbar kodin a ƙarƙashin katifa, ku ne kuma yakan roƙa ya ce, "Don Allah kada Baba ya ji."

Da farko ku sani ba gidanku kaɗai wannan abu ya shiga ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar nan ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan.

To, me ya kamata ɗan'uwa ya yi?

Kada ya ɗauki alkawarin yin shiru. Rufin asiri abu ne mai kyau, amma wanda ya ɓoye wa iyaye, ya biya bashin da aka ci wa mai sayar da tiramadol, ya kuma yi ƙarya a makaranta don kare ƙanensa, to ya sauƙaƙa masa shan gobe ne kurum. Ka ciyar da shi, ka saya masa magani da hannunka idan likita ya rubuta, amma kada ka damƙa masa kuɗi. Idan za ka yi masa magana, jira sai ya wartsake, ku biyu kaɗai, ka faɗa masa abin da idonka ya gani ba tare da zagi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗauri. Gida da yawa, idan haƙuri ya ƙare, sai a sa yaro a mari. Ku tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu danginsu ne suka kai su da niyyar gyara. Jikin da ya saba da ƙwaya yakan yi ciwo idan an yanke masa ita: gumi, amai, zawo, rashin barci. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci irin su baliyam, idan aka tsayar da shi farat ɗaya yana iya yin jijjiga har ya rasa ransa. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, Kware, Maiduguri, Aro ta Abeokuta, Yaba ta Legas da Enugu. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da sashen ba da shawara, ba kame kaɗai take yi ba.

Yana iya komawa shan bayan an sallame shi, ba sau ɗaya ba. Idan haka ta faru a mai da shi wurin likita nan da nan, domin adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi yanzu da jikinsa ya huta.

Sa'an nan kai kanka, kada ka bar karatunka ko sana'arka ka zama mai gadinsa dare da rana. Ku raba aikin tsakaninku, a sa kawu ko gwaggo a ciki. Idan kuwa ya fara ɗaga hannu a kan mahaifiya ko ƙanne, a kawar da su daga gabansa tukuna, sa'an nan a nemi hukuma.