Zauren labarin bisashe: a hannun wa makulli yake?

Makiyaya da manoma masu kiwo na Magarya da Dungas.

Yau ba zancen allura ya kawo ni ba, zancen labari ne. Ciwon huhun shanu da ciwon zawo da majina na awaki da tumaki sun fi mu sauri. Bisa mai ciwo da aka saya a kasuwar Maigatari ran Alhamis, kamin Asabar tana shan rijiya guda da bisashenku. In labari ya makara, magani ma ya makara.

Shi ya sa ƙungiyoyinku ke tambayarmu: ta wace hanya za mu riƙa aika wa juna labari a salula? Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce gurup ɗin WhatsApp. Yana da sauƙi, wanda bai iya karatu ba sai ya aika murya, ya ɗauki hoton bakin akuya mu gani. Amma fa gidan haya ne. Mai gidan kamfanin Meta ne, can Amurka. Ran 4 ga Oktoba 2021 ya tsaya wajen awa 6 a duniya duka, ba wanda aka yi wa sallama.

Ta biyu, ƙungiya ta kafa zaurenta bisa babbar kwamfutarta, da manhaja irin Mattermost ko Rocket.Chat. Wannan kamar rijiyar kanka ce. Ruwa naka ne, amma yasa da guga da igiya duk naka ne. Ana son wutar da ba ta yankewa, da intanet, da ma'aikacin da zai kula da ita kullum, da kuɗin biyansa. Babbar tarayyar makiyaya tana iyawa. Ƙungiyar ƙauye kuwa, gaskiya, kaya ne da ya fi ƙarfin jakinta.

To ku ji abin da na gani da idona. A wani ƙauye, yaro guda ne shugaban gurup. Ya tafi cirani, sim ɗinsa ya ɓace. Wata da watanni ba mai iya sa sabon mutum. Da ciwo ya shiga awakin wata ruga da ba ta ciki, sai da aka yi asara kana labari ya iske mu.

Saboda haka, ko wace hanya kuka ɗauka, ku riƙe makulli a hannunku:

1. Shugabannin gurup su zama uku: makiyayi, manomi, da mace, don mata ke da yawancin awaki.
2. Ku rubuta sunaye da lambobi cikin kaye, ya zauna wurin sakataren ƙungiya.
3. Duk labarin ciwo ya faɗi gari, irin bisa, nawa suka kamu, nawa suka mutu, da ranar da ya fara.
4. Ban da siyasa, ban da tallar maganin da ba a san asalinsa ba.
5. In ba rezo, ku aiko ɗan babur ko ku gaya wa mai gari. Kada ku jira.

A 2011 aka tabbatar bushiya ta ƙare a duniya. Allura ta yi aiki, amma da makiyaya sun ɓoye labari, da ba a kai can ba.

Allah ya kare garkenmu, ya ba mu damina mai albarka.