DARASIN SHUGABA DARMAN GA MAZAUNA POTISKUM
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu)



An umarce ni da in yi magana a kan rayuwar wani ɗan majalisar jiha, sai na zaɓi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman. Dattawan da ke nan sun san shi, domin a zamaninsa Potiskum tana cikin Jihar Borno, tunda sai a 1991 aka yanke Yobe. Wato majalisarsa ita ce majalisarmu.

A zaɓen 1979 jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce ta ci Borno, Alhaji Muhammadu Goni ya zama gwamna, NPN kuma ta kafa gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari. Shugaba Darman ya ci kujerar majalisar dokoki, ya zama shugaban masu rinjaye. Mutum ne mai baki, in ya hau dandali jama'a kan cika wuri, kuma ba ya raga wa gwamnatin tarayya.

To, a watan Janairu na 1980 sai jami'an shige da fice suka ɗauke shi a Maiduguri, suka tsallakar da shi iyaka, suka ajiye shi a ƙasar Chadi. Ministan harkokin cikin gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar. Hujjarsu ita ce wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne, don mahaifinsa daga Chadi ya fito. Jama'a, ku duba fa. Mutumin da talakawa suka zaɓa, dare ɗaya aka mai da shi baƙo.

Magoya bayansa ba su ɗauki sanda ba, kotu aka nufa. Babbar Kotun Maiduguri ta duba tsarin mulkin 1979, wanda ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta Nijeriya, to ɗan ƙasa ne. Mahaifiyar Shugaba kuwa 'yar Borno ce. Kotu ta soke korar, ta ce a biya shi diyyar Naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, can ma aka tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Ya dawo gida, ya ci gaba da zama cikin jama'arsa har Allah ya karɓi ransa a 2010. Allah ya jiƙansa.

Me ya kawo wannan labari a taronmu? Mu nan kakanninmu fatauci da neman ilmi suka kawo su daga Kano, Katsina, Haɗeja da sauran wurare. An haife mu a nan, mun yi auratayya da Ngizim, Karekare da Bolewa, muna ciniki tare a kasuwar shanu. Amma kowa ya san ranar da yaro zai nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko ɗayanmu ya ce zai tsaya takara, ranar ce ake tambayar garin kakansa.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana a kan wannan. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, ya kuma hana a kore shi daga Nijeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. Sai dai doka ba ta zuwa gida ta same ka. Shugaba ya tsira ne domin yana da hujja, yana kuma da jama'a.

Don haka ina roƙon abu uku. Kowane magidanci ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa, ya adana takardun gida da na haraji. Duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki katin zaɓe a nan inda yake zaune. Sannan mu riƙe girman sarakuna da mutanen da muka tarar, kada kuma bakinmu ya kira wani baƙo, tunda mun san zafin kalmar.

Allah ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.