Kafin Ka Sayi Ƙaramar Kwamfutar Tebur

Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

An umurce ni da in yi ɗan bayani a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, musamman irin ƙaramar nan ta ɗora wa tebur wadda girmanta bai wuce na ƙamus ba. Dalili kuwa shi ne da yawa daga cikinmu suna son sayenta domin ofis, ko shago, ko karatun yara, wasu kuma sun kawo shawarar ƙungiya ta saya wa makarantarmu. Kuɗin gumi ne za a kashe, don haka ya kamata a san abin da ake saya.

Wannan na'ura ba sabon abu ba ce. Kamfanin Apple ya fitar da Mac mini a shekarar 2005. Dell da HP da Lenovo su ma sun fitar da nasu, wato OptiPlex Micro da EliteDesk Mini da ThinkCentre Tiny, waɗanda ake yi wa ofisoshi. Irin waɗannan ne aka fi samun na hannunsu a kasuwa. Amfaninsu a fili yake: ba sa cin wuri, ba sa ƙara sosai, kuma ba sa shan wuta. Da yawa daga cikinsu adaftar wat 65 ke ɗaukar su, saboda haka ƙaramar inbata ko sola za ta iya riƙe su.

To, amma abu na farko da za a sani shi ne, kuɗin da aka faɗa maka na akwatin ne kurum. Babu allon kallo, galibi babu madannin rubutu da linzami. Kuma ba ta da batir kamar kwamfutar tafi-da-gidanka. Da zarar an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Saboda haka sai an haɗa da na'urar riƙe wuta, wato UPS. Ka tara kuɗin waɗannan duka tukuna, sannan ka gwada da farashin tafi-da-gidanka. Wani lokaci arahar da ka gani ba araha ba ce.

Abu na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, shi ne shekarunta. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wato ya daina aika mata gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 ba kowace na'ura take karɓa ba. Tana bukatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai ƙwaƙwalwa ta zubi na takwas zuwa sama. Gane wannan ba wuya. Idan an rubuta i5-6500T, lambar da ta biyo bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na shida ke nan. Idan i5-8500T ce, na takwas ne. Mai shago zai ce maka "ai Core i5 ce", kai kuma sai ka tambaye shi, "ta wane zubi?" Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar, ana iya sa mata Linux kyauta ta ci gaba da aiki.

Abu na uku, a dubi cikinta. RAM ita ce kamar faɗin teburin da kake baza takardu a kai. Kada ta gaza gigabait 8, in da hali 16. Ma'ajiyar kuwa ta kasance SSD, domin ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. A kuma tambaya ko ana iya ƙara su nan gaba. Waɗancan na ofis ana buɗe su a ƙara, amma Mac mini mai ƙwaƙwalwar Apple a manne RAM ɗinta take, yadda ka saya haka za ka zauna da ita. Mai aikin rubuta wasiƙu da lissafi da intanet, wannan ta ishe shi. Mai haɗa manyan finafinai ko zanen gine-gine masu nauyi, gara ya nemi babba.

Abu na huɗu, a juya bayanta a duba ramuka. Idan allonka tsoho ne mai VGA, ita kuma DisplayPort ko HDMI kawai gare ta, sai ka sayi mahaɗi. Wasu na ofis ba su da Wi-Fi a ciki, domin da waya aka saba haɗa su.

Abu na biyar, yanayinmu. Akwatin ƙarami ne, fankarsa ma ƙarama. Ƙurar hunturu tana toshe ta, zafin bazara ya ƙarasa. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, kada a kulle ta cikin durowa, a riƙa busa mata ƙura lokaci-lokaci.

Daga ƙarshe, kada a biya kuɗi sai an kunna ta a gabanka. Ka ga bayananta a kan allo da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. Ka tabbata tsohon mai ita bai bar ta a kulle da kalmar sirri ba, adaftarta ta asali ce, kuma an rubuta maka rasit da wa'adin mayarwa. Idan ƙungiya za ta saya wa makaranta, ina ba da shawarar a sayi iri ɗaya, domin gyara da musayar kaya su zo da sauƙi. Magabata sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Malamanmu, Allah Ya saka muku da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu.