Ɗan Da Doka Ta Ce Ba Shi Da Uba

Maganar yau ta doka ce, dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya, da yadda ta ɗauki yaron da ubansa ɗan ƙasar ne amma bai auri uwarsa ba. Wani zai ce ina ruwan Musulmi da maganar ɗan gaba da Fatiha a ƙasar Turawa? To a yi haƙuri a saurara, domin akwai 'ya'yan sunna, waɗanda aka ɗaura auren iyayensu da waliyyi da sadaki da shaidu, amma dokar nan ta jefa su cikin wannan sahu.

A fara da labarin wani saurayi da shari'arsa ta kai har Kotun Ƙoli ta Birtaniya, wadda lauyoyi suke kira shari'ar Johnson. An haife shi a Jamaika a 1985. Ubansa ɗan Birtaniya ne, uwarsa 'yar Jamaika, kuma ba su yi aure ba. Yana shekara huɗu aka kai shi Ingila, a can ya girma, bai san wata ƙasa ba. A 2008 aka same shi da laifin kisan da ba na ganganci ba, aka yanke masa ɗaurin shekara tara. Dokar can kuwa ta ce duk baƙon da aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye, korarsa za a yi. Sai Ma'aikatar Cikin Gida ta ce masa ya shirya komawa Jamaika, wai shi baƙo ne.

Laifi kam ya yi, babu mai wanke shi. To amma da a ce iyayensa sun yi aure kafin haihuwarsa, da ɗan ƙasa ne tun ranar da ya zo duniya, ya gama zaman kurkukunsa ya koma gida kamar kowa. Wato abin da ya raba shi da sauran masu irin laifinsa wani abu ne da ya faru tun bai san inda kansa yake ba. Akwai ma damar da ake da ita a lokacin, ta uba ya nema wa ɗansa rajista tun yana ƙarami. Ba a nema masa ba. A watan Oktoba 2016 Kotun Ƙoli, a hukuncin da mai shari'a Lady Hale ta rubuta, ta ce korarsa a kan wannan dalili nuna bambanci ne da ba shi da hujja.

Daga ina abin ya samo asali? A dokar 1948, wanda aka haifa a waje ta wajen uba kaɗai yake gadon zama ɗan ƙasa, uban kuma dole ya zama mijin uwar. Dokar 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1983, ta ba uwa damar gadar wa ɗanta, amma ta bar ma'anar uba yadda take. Mutum ya haifi yaro, ya raɗa masa suna, ya ciyar da shi, sunansa na kan takardar haihuwa, amma a idon wannan doka ba ubansa ba ne. Sai ranar 1 ga Yuli 2006 aka gyara, gyaran kuma bai waiwayi baya ba. Ke nan za a iya samun wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka haifa a 2005 baƙo, na 2007 ɗan ƙasa. Shekara kusan tara aka yi a haka, kafin wata doka ta 2014, da ta fara aiki a watan Afrilu 2015, ta buɗe wa 'yan kafin 2006 ƙofar yin rajista. Ko a nan ma sai da aka gindaya musu sharaɗin kyawun hali, sharaɗin da ba a taɓa nema wajen ɗan masu aure ba. Hukuncin 2016 ɗin nan ya soki wannan sharaɗi, aka kuma cire shi a 2019 ga wanda da ma kai tsaye zai zama ɗan ƙasa in da iyayensa sun yi aure.

Yanzu ga inda maganar ta shafi Musulmi. Auren da aka ɗaura a Kano ko Zariya bisa shari'ar Musulunci aure ne a dokar Nijeriya, kuma galibi Birtaniya tana karɓar auren da ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi. Amma wanda aka ɗaura a cikin Ingila kanta, a falon gida ko a masallacin da ba a yi wa rajistar ɗaurin aure ba, ba tare da an bi ta ofishin rajista ba, wannan dokarsu ba ta san da shi ba. A watan Fabrairu 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta tabbatar da haka a kan wani aure da aka ɗaura a Landan a 1998, wanda ma'auratan suka zauna a kansa shekara da shekaru har da 'ya'ya. Saboda haka ɗan Birtaniyan da ya auri baƙuwa a can ta irin wannan hanya, ta dawo gida ta haihu kafin Yuli 2006, ɗansa halattacce ne a wajen Allah da wajen jama'a, amma a takardar Bature ɗan marasa aure ne. Irin wannan yaro yau ya zama saurayi, wataƙila ma yana zaune a cikin irin wannan taro bai san yana da haƙƙi ba.

Wanda abin ya shafa, fom ɗin da ake cikewa sunansa UKF. Abu biyu ake so ya tabbatar: cewa mutumin nan ubansa ne na jini, da cewa da iyayen sun yi aure da ya zama ɗan ƙasa. Na farkon shi ne mai wuya. Ana duba takardar haihuwa, musamman wadda aka yi tun yaron yana jariri, ana duba hukuncin kotu, ana karɓar gwajin DNA. Takardar da aka je aka yanka bayan yaro ya yi gemu ba ta da nauyi sosai a wajensu. Gwajin DNA kuwa ganin dama ne, ba dole ba. A watan Oktoba 2018 ministan cikin gida na lokacin, Sajid Javid, ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar mutanen da ma'aikatarsa ta tilasta wa yin gwajin ba bisa doka ba. To amma in uban ya rasu, ko ya juya baya ya ce bai san zancen ba, ai ɗan ne yake shan wahala, ya bi dangin uba yana roƙon a taimaka masa da shaida.

Akwai kuma wani ƙulli. Idan uwar tana da auren wani lokacin haihuwa, dokar tana jingina yaron ga mijin, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. Wannan ya hana wasu yara gadon ƙasar ubansu na jini ko bayan 2006, har sai da dokar 2022 ta ba su hanyar rajista.

Sharaɗi na biyun kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu a hannun 'yan damfara masu cewa za su yi musu hanya. Gadon zama ɗan Birtaniya ga wanda aka haifa a waje, a ƙa'ida, hawa ɗaya yake yi. Idan uban a Birtaniya aka haife shi, ko a can ya nemi zama ɗan ƙasa aka ba shi kafin haihuwar yaron, to ɗan yana da hanya. Idan kuwa shi ma uban a waje aka haife shi ya gada daga nasa uban, to ko da aure ko babu, ba ya gadar wa ɗan da aka haifa a waje kai tsaye, sai ta wasu hanyoyi ƙalilan da galibi suke rufewa da zarar yaro ya cika shekara 18.