Ziyarar Dalar Masar

Yau zancenmu na tafiya ne, za mu leƙa ƙasar Masar mu ga wani gini wanda mutane ke zuwa kallonsa daga kowace kusurwa ta duniya. Wanda ya taɓa jin labarin dalar gyaɗa da a kan tara a Kano a zamanin da, ya san siffarsa: gindi mai faɗi da kusurwa huɗu, kai kuwa ya tsuke. Amma dalar gyaɗa buhuna ce, yau babu ko ɗaya. Dalar Masar kuwa ta dutse ce, ta yi shekara wajen 4,500 tana tsaye.

In Allah ya kai ka Birnin Alƙahira, sai ka ƙetare kogin Nilu ka yi yamma, tafiyar kamar mil 8, zuwa wani wuri da a ke kira Giza. Nan gidaje su ka ƙare, hamada ta fara. Ka yi sammako, don rana ta wurin ba ta da sauƙi, inuwa kuma babu. In da hali, ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin sanyi. Za ka tarad da masu raƙuma da masu dawaki suna kiranka ka hau. To, ka yanke kuɗin da su tun kana ƙasa, har da na saukowa, gama ciniki a bisa doron raƙumi bai cika yi wa baƙo kyau ba.

Manyan dala uku ne a wurin. Babbar ta wani sarki ce mai suna Khufu, wanda ya yi mulki kamar shekara 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta biyu ta ɗansa Khafre ce, ƙaramar kuwa ta jikansa Menkaure. Idonka zai ce maka ta biyu ta fi tsawo. Ba haka ba ne, a kan tudu a ka gina ta.

Sa'ad da a ka gama babbar, tsawonta ƙafa 481 ne, watau gaba 80 ke nan. Kai da ka san wahalar haƙa rijiya mai gaba 10, sai ka auna. Kowane gefe na gindinta ƙafa 756 ne, in ka kewaye ta ka yi tafiyar fiye da rabin mil. An ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun kai 2,300,000. Daga nesa sai ka ce tubala ne. Sai ka matso ka tsaya gindinta ka ga dutse guda na sahun ƙasa ya kawo maka ƙirji. Shekara wajen 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsawo a duniya duka.

Abin da za ka gani yau kamar matakala ya ke, amma da can ba haka ta ke ba. An lulluɓe ta da farin dutse gogagge, sumul daga ƙasa har bisa. Cikin 1303 a ka yi babbar girgizar ƙasa, lulluɓin ya saki, mutane su ka yi ta kwasar farin dutsen suna gine-gine da shi a Alƙahira. In kana so ka ga yadda ya ke, ɗaga kai ka dubi ƙololuwar ta biyu, akwai saura a can kamar hula. Ka lura kuma da ƙaramar, a gefenta na arewa akwai wani dogon tabo. Sarki Al'aziz Usman, ɗan Salahuddin, shi ya sa a rushe ta cikin 1196. Ma'aikatansa su ka yi wata takwas suna fama, su ka gaji, su ka bari. Rushewa ke nan ta gagara, balle ginawa.

An hana hawa bisanta, kada ka gwada. Shiga ciki kuwa an yarda, sai dai da kuɗinsa dabam. Ƙofar da a ke bi wani rami ne da a ka fasa, an ce Halifa Ma'amun ɗan Haruna Rashid ne ya sa a fasa shi a ƙarni na 9. Daga nan za ka shiga wata hanya mai hawa wadda tsawon rufinta bai kai ƙafa 4 ba, tilas ka sunkuya. Ga zafi, ga ƙarancin iska. Mai ciwon baya ko mai ƙuncin numfashi gara ya zauna waje, ba abin kunya ba ne. In ka daure, sai hanyar ta buɗe, ka miƙe cikin wani dogon zaure mai hawa, rufinsa ƙafa 28 bisa kanka. A ƙarshensa ɗakin sarki ya ke. An gina shi da jan dutse mai tauri wanda a ka ɗauko daga Aswan, mil 500 kudu, a ka biyo kogi da shi. Ba zane, ba rubutu, ba dukiya. Akwatin gawa guda ne na dutse, ba marfi, ba kowa ciki. Waɗansu su kan fito suna cewa an cuce su. Ni kuwa ina ganin wanda ya dubi yadda a ka haɗa duwatsun ɗakin nan, har bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu, kuɗinsa bai tafi banza ba.

Mutanen da sun daɗe suna cewa wai rumbunan Annabi Yusufu ne, inda ya tara hatsi saboda shekarun yunwa. Kowane manomi da ya shiga ciki zai gane ba haka ba ne. Rumbu ciki gare shi, wannan kuwa dutse ne cunkus, sai 'yan ɗakuna da hanyoyi. Kabarin sarki ne.

To, su wa su ka yi aikin? Nan ne na ke so ku kasa kunne. Cikin 1990 a ka gano kaburburan ma'aikatan a kudu da dalar, kusa da su kuma ga kangon garin da su ka zauna, da wuraren toya gurasa, da ƙasusuwan shanu da tumakin da a ka yanka musu. A jikin waɗansu gawawwakin an ga karaya wadda a ka ɗora ta warke. Masarawa ne, an ciyad da su, an yi musu magani, an binne su kusa da sarkinsu.

Har wa yau cikin 2013, a wani wuri a bakin Bahar Maliya da a ke kira Wadi al-Jarf, a ka tono waɗansu tsofaffin takardu na ganyen wata ciyawar kogi. Ba a taɓa samun rubutattun takardu irinsu da su ka girme su ba. Mai rubutun wani shugaban ma'aikata ne, sunansa Merer, yana da mutum kamar 40 a hannunsa. Ba sarki ba ne, ba basarake ba. Aikinsa ɗaukar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura, a ƙetaren kogi, zuwa Giza. Kullum sai ya rubuta abin da ya yi: ran da su ka yi lodi, inda su ka kwana, ran da su ka sauke. Khufu ya tara dutse ya kai sama don kada a manta da shi, aka wayi gari ko gawarsa babu. Merer kuwa, da alkalami da tawada, ga shi muna sane da inda ya kwana. Ku da ku ka fara riƙon alkalami bana, in kun je can ku tuna da shi.

Kafin ka tashi, gangara gabas ka ga gunkin da Larabawa ke kira Abul Haul, jikin zaki da kan mutum, an sassaƙe shi daga dutsen wurin. Tsawonsa a kwance ƙafa 240 ne. Ba shi da hanci. Masu ja-gora su kan ce sojan Napoleon na Faransa su ka harbe shi. Kada ka karɓa: Napoleon ya zo Masar cikin 1798, alhali wani Bature ya zana gunkin cikin 1737, ba hanci.

In da sauran ƙarfi a ƙafarka, kusa da nan akwai sabon gidan kayan tarihi wanda a ka yi bikin buɗe shi cikin 2025. A ciki akwai jirgin ruwan Khufu na katako, tsawonsa ya fi ƙafa 140. An same shi cikin 1954 a wani rami a gindin babbar dala, a warware, guntu 1,224, masu haɗa shi su ka yi shekaru suna aiki kafin ya koma jirgi. Ka tafi da ruwan sha, don tsakanin dalar da gidan akwai 'yar tafiya.