Ma'anar beli da nauyin mai tsaya wa wani



Da wuya a samu malami a zauren nan da ba a taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa ana roƙon ya je ya karɓi belin wani ba. Kotuna kan nemi ma'aikacin gwamnati mai sanannen mazauni ya tsaya, mu kuwa mu aka fi saurin samu a unguwa. Da yawanmu kan sa hannu saboda kunya, ba tare da sanin abin da suka ɗauka ba.

Beli sakin wanda ake tuhuma ne na wucin gadi, bisa alkawarin zai bayyana duk ranar da aka neme shi. Shari'arsa tana nan daram, ba a wanke shi ba. Asalin wannan dama kuwa sashe na 36 ne na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 kuma ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Inda nake so mu nutsu shi ne kan mai tsayawa. Idan alƙali ya ce ya ba da beli a kan naira dubu 500, yawanci ba a nufin a kawo kuɗin nan take. Ana nufin kai, malam, ka amince a rubuce cewa idan mutumin ya gudu, kotu za ta iya karɓar wannan adadi daga hannunka. Ba ka ɗauki laifinsa ba, ba ka ɗauki bashinsa ba. Kawo shi kotu kawai ka ɗauka. Amma a lissafa dubu 500 da albashin malamin firamare, a ga wata nawa ke nan! Shi ya sa nake ganin tsaya wa wanda ba ka san gidansu da sana'arsa ba ganganci ne, ko da maƙwabci ne ya kawo shi. Idan kuma ka ga take-takensa sun canza, kana da damar komawa kotu ka nemi a sauke maka nauyin tun bai ɓace ba.

Ga malamai mata kuma, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsayawa don kawai ita mace ce. Dokar nan dai ita ce ta haramta kama uwa ko ɗan uwa a madadin wanda ake nema.